Ruwan da Na Hana Malam

Duk wanda ya san gidanmu a Ƙarfi, da randa ya san shi. Tana nan a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, an kafa ta cikin yashi, da moɗa a kan murfinta. Mijina ne ya kafa ta tun kafin a kawo ni gidan, shi ne kuma yake cika ta da hannunsa kowace safiya kafin ya wuce gona. Masu dawowa daga noma, mata masu tallar nono, direban da motarsa ta mutu a hanya, kowa ya tsaya ya sha. In na yi mitar cewa wasu ko ɗauraye moɗar ba sa yi, sai ya ce, "Hedimasta, ruwa ne fa, ba jarrabawa ba." Da yake ni malamar firamare ce, bakina kuma ba ya shiru, tun ina amarya ya laƙa mini wannan suna. Sunana Saratu. Shi kuwa Malam nake ce masa.

Wannan mutumin ne na hana ruwa har wata bakwai. Yau wata biyar da rasuwarsa, ana ta karyar masara a gari, ni kuma na zauna rubuta wannan don kada wata ta shiga abin da na shiga ba ta san komai ba.

Malam manomi ne: masara, waken suya, ɗan auduga, da shanun huɗa guda biyu. A wajenmu in damina ta kankama ba mai kwanciya don ciwon jiki. Ka je wurin mai kemis ya haɗa maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, shi muke kira haɗi. Ka afa da safe ka tafi gona, ka afa da yamma ka samu runtsawa. Shekara nawa Malam ya yi yana shan haɗin nan, wallahi ban san adadinsu ba. Sau da yawa ma ni nake sayo masa in na taso daga makaranta, in ajiye masa kusa da kofin koko, ina jin kaina mace mai kula da miji.

Da ciwon kai abin ya fara, da kasala. Sai ya ce mini fitsarinsa na kumfa kamar an kaɗa sabulu. Muka ce zafin rana ne. Bayan an gama kaka fuskarsa ta ciko, wuya ya yi kauri, mutane suka fara tsokanarsa a masallaci wai ya sayar da waken suya ya murje. Ni da bakina na ce wa maƙwabciyata, "Kin ga aikin tuwon hannuna ko?" Kai, in na tuna wannan magana sai in ji kamar in mari kaina.

Wata Juma'a takalmin fitarsa ya ƙi shiga. Ranar 'yarmu Ummi ta zo daga Funtuwa inda take aure. Ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, ta ɗauke, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mama, wannan ba ƙiba ba ce."

Ranar Litinin muka tafi asibiti a Malumfashi. Tun hantsi muke layin kati, sai bayan azahar muka ga likita. Nas ta gwada hawan jininsa, ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, sannan ta tambaye shi ko da ƙafarsa ya shigo. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ce mu dawo jibi. Likitan saurayi ne, mai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya ce ƙoda mataci ce a jikin mutum, ita ke tace jini ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. Hawan jinin da ya daɗe ba a sani ba, da ƙwayoyin ciwon jiki na yau da gobe, su ke cinye ta a hankali. Ya ce ciwon mataki biyar ne, Malam yana na huɗu. Maganarsa guda ce ta zauna mini har yau: "Malama, ƙoda ba ta yin ciwo ta sanar da mutum. Lokacin da za ku ga alama, ta riga ta yi nisa." Abin da ya lalace ba ya dawowa, in ji shi, amma ana iya riƙe sauran ya daɗe. Maganin hawan jini kullum ba fashi. A rage gishiri da magi, a bar kanwa, a bar haɗi, a bar duk wani jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba.

Mun bi, da farko. Kumburi ya saɓe, Malam ya ji ƙarfi. Jin sauƙin nan shi ya cuce mu. Da ruwa ya sauka ya koma gona, maganin ya ƙare, ya ce sai an gama huɗa za a je a karɓo. Wansa, Yaya Haruna, ya kawo jarka guda ta jiƙo daga wurin wani mai magani a Mahuta, wai yana wanke ƙoda tas. Ni mai bakin nan, ni da ba na barin ta kwana, ranar shiru na yi don kada a ce na raina wan miji. Malam ya sha jarkar nan har ta ƙare.

Kafin a fara girbi sai amai, sai ƙaiƙayin jiki har ya riƙa sosa bayansa da bango. Abinci ya ce ɗanɗanon ƙarfe yake masa. Shaƙuwa ta kama shi kwana uku ba ta saki ba. In ya kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune. Muka koma Malumfashi, likitan nan ya dubi sakamako bai yi mana faɗa ba, na so ma ya yi. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce Zariya a ranar, an kai mataki na biyar, sai wankin ƙoda.

Wanda bai gani ba ba zai gane wankin ƙoda ba. An sa masa wata roba a jijiyar wuya. Jininsa ya fita ta siririn tiyo ya shiga inji, inji ya tace, ya dawo ta wani tiyon, awa huɗu yana kwance yana kallon jinin jikinsa na zagayawa. Suka ce sau uku a mako ya kamata. Ga allurar ƙara jini, domin wai ƙoda ce ma ke taimakon jiki ya yi jini. Mu fita Funtuwa, mu canza mota zuwa Zariya, mu tarar da layi, wani lokaci a ce inji ɗaya ya tsaya sai gobe. Na sha zama a barandar nan da mata daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da tabarmarta da labarinta. Akwai wata nas, Kirista ce 'yar wajenmu, Sista muke ce mata. Da ta ji Hausarmu ta ce, "Af, ashe 'yan gida ne." Matar nan ta riƙe mu kamar 'yan ɗakinsu. Ba abin da zan ce mata sai Allah ya biya ta.

Ita ce ta zaunar da ni a makon farko ta ba ni dokar da ta raba ni da kowa. Ta ce fitsarin Malam ya kusa ƙafewa, duk ruwan da ya sha ba shi da hanyar fita, sai ya taru a ƙafa, ya hau ciki, ya shiga huhu. Ta ɗauko ƙaramar robar ruwa ta ce, "Wannan ce rabonsa daga safiya zuwa wata safiyar. Koko a ciki yake, miya a ciki, shayi a ciki, har ruwan haɗiyar magani." Ta nuna mini sikelin da ake ɗora shi kafin a hau inji, ta ce in ya sha a ɓoye nan za a gani. Ta hana lemu, ayaba, kankana da dabino, wai suna da wani gishiri da ke taruwa a jini ya tsayar da zuciya.

To, ku duba mini. Me ake kai wa mara lafiya in an zo dubiya? Lemu da ayaba da kankana da dabino, sai fura, sai rubutu a kwano. Mutanen Ƙarfi sun yi mana kara, ba zan ci amanarsu ba, gida ba ya rabuwa da jama'a. Amma kowa ya shigo da abin da zai kashe shi a hannu, da kyakkyawar niyya. Na zama mai gadi. In karɓa a bakin ƙofa, in yi godiya, in wuce da shi madafa. Aka fara cewa boko ya yi wa Saratu yawa. Liman ne kaɗai ya fahimce ni da wuri. Da na je na yi masa bayani, ya ce ba komai, zai riƙa wanke allon da cokali biyu na ruwa, ai ayar ake nema ba yawan ruwan ba.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Inna, mahaifiyarsa, da ke zaune tare da mu. Malam shi ne autanta. Takan zauna a bakin gadonsa tana masa fifita, ta ga leɓensa ya tsattsage, ta juyo ta ce mini, "Ke 'yar nan, a ina aka taɓa hana majinyaci ruwa? Ko rago za a yanka ai sai an ba shi ya sha." In ce, "Inna, likita ne ya ce." Ta ce, "Likitan shi ya haife shi?" Shi kuma ya yi 'yar dariya ya ce, "Inna, bari, Hedimasta ta kafa doka."

Kowace safiya tambayarsa ta farko ita ce, "An cika randa?" Ni nake cikawa yanzu. Ya so a riƙa shimfiɗa masa tabarma a zaure don ya ga mutane. Kwana biyu na lura da yadda yake yin tsit in ya ji ƙarar moɗa a bakin randa, ya bi maƙogwaron mai sha da ido. Na mayar da shi cikin gida, na ce iska ta yi yawa a zauren.

Masarar da muka ajiye ta tafi a kuɗin wankin a wata biyun farko. Sai shanun huɗa. Ranar da aka zo jan su Malam ya juya fuska bango. Daga sau uku muka koma sau biyu a mako. An yi mana maganar dashen ƙoda, Ummi ta ce a cire tata, ya ce in ta sake faɗa bai yafe ba, ga shi ko ya yarda ba mu da ƙarfin abin. Yaya Haruna ya sayar da gonarsa ta bakin rafi ya kawo kuɗin, ni kuma ban taɓa tayar masa da zancen jarka ba. Da bazara ta shigo mun koma sau ɗaya a mako.

A bazarar nan ne sikeli ya fara tona asiri. Mako uku a jere nauyinsa na hawa fiye da ƙima, ƙafa ta koma kamar turmi, numfashi sama-sama. Sista ta ja ni gefe ta ce, "Malama Saratu, wani na ba shi ruwa." Na rantse mata robar nan a ɗaure take a bakin zanena. Ta ce to ki bincika gidanki.

Ban bincika ba. Zuciya ce ta ɗebe ni. Muna dawowa na tarar da mata 'yan dubiya cike da tsakar gida, Inna na tsakiyarsu, kwanon shanta a gefe. A gabansu na ce, "Inna, in kashe shi kike so ki yi, ki faɗa mini in daina wahalar zuwa Zariya." Tsohuwar nan ta dube ni ta ce, "Saratu, ni? Wallahi tallahi ko ɗigo ban taɓa ba shi ba. In ya roƙe ni, bayan ɗaki nake zagayawa in yi kukana in dawo." Kafin magariba ta ɗaure kayanta ta koma gidan Yaya Haruna. Malam yana ɗaki yana jin komai, bai ce uffan ba.

Bayan kwana uku aka tashe mu da wuri daga makaranta. Na shigo ana kiran azahar, ban yi sallama da ƙarfi ba don kada in tashe shi. Sai na hango shi a gindin bango a kan 'yar kujera, da buta, yana alwala. Ya wanke hannu. Ya kamfaci ruwa ya kai baki. Ina tsaye ina jiran ya zubar, sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake, ya haɗiye. Ya sake na uku. Ya gama alwalar tsaf har ƙafa, ya ɗan zauna, sannan ya sake farawa daga farko.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe shi ya sa ya koma sabunta alwala a kowace salla, har da walaha da nafilfilin da da ba ya yi. Ni kuwa ina ta murna a raina, ina cewa ciwo ya ƙara kusanta shi da Ubangiji.

Na ce, "Malam."

Butar ta faɗi daga hannunsa. Mutum mai shekara hamsin da wani abu, mai jika, ya sunkuyar da kai a gabana. Ya ce, "Saratu, ƙishi nake ji. Wallahi ƙishi nake ji. Ko barci na yi randa nake gani." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Na ce, "Shi ne ka bari na ci mutuncin Inna?" Ya ce, "Kunya ce ta hana ni magana."

Da yamma na je gidan Yaya Haruna na durƙusa a gaban Inna, na faɗa mata gaskiya, na kama ƙafarta. Ba ta ce ta yafe ba a ranar. Mayafinta kawai ta ɗauka ta biyo ni, tana tafe tana cewa, "Wayyo Auta, wayyo Auta."

Daga nan na wuce wurin Liman. Ya ce kurkure baki sunna ce, alwala ta inganta ko babu shi, balle ga lalura. Na dawo na ɗauke buta. Daga ranar ni nake zuba masa ruwan alwala a hannu, kaɗan-kaɗan, in an zo wajen baki in tsallake. Ranar farko ya miƙo tafin hannu yana jira, na ce, "Fuska, Malam." Ya dube ni ya ce, "Har a gaban Allah sai kin tsaya mini, Hedimasta?" Wannan karon ba dariya a ciki. Na ce, "Sai na tsaya." Na gama zuba masa, na shiga madafa na toshe bakina da zane. Ina son mutumin nan, ina so ya rayu, ban san wata hanyar ba.

Sikeli ya sauka. Sista ta yaba mini. Ta koya mini in riƙa ba shi ɗan guntun ƙanƙara ya tsotsa, in jiƙa tsumma in goga masa a leɓe. Mun samu mako biyar a haka.

Kafin in faɗi ranar ƙarshe, bari in sauke abin da ya sa na ɗauki biro. Don Allah ku je a gwada muku hawan jini ko ba ku jin komai, da sukari. In an ɗora ku a kan magani, jin sauƙi ba warkewa ba ne. Ku rabu da haɗin nan. In fuskar mutum ta ciko da safe, ƙafa ta ciko da yamma, ku danna ku gani kafin ku yi masa barka da ƙiba. In kuma kun je dubiya kun tarar da mace ta tare ƙofa tana karɓe lemu, kada ku zage ta. Ku tambaye ta ko ta ci abinci.

Wankin sau ɗaya a mako bai isa ba, kowa ya sani. Zuwanmu na ƙarshe, ko awa ɗaya bai yi a kan inji ba jininsa ya faɗi, suka cire shi da gaggawa. Washegari babban likita ya kira ni da Yaya Haruna. Ya ce zuciyar ta gaji, ba za ta ƙara ɗaukar inji ba, mu kai shi gida cikin iyalinsa. Ya ce, "Ku ba shi duk abin da ransa yake so." Na ce, "Likita, har ruwa?" Ya ce, "Har ruwa, Malama."

Tun daga Zariya ba abin da nake tunani sai randa. Na ƙi sayen na leda a tasha, na ce na gidansa zai sha, mai sanyin nan da ƙamshin ƙasa. Mun iso ana fitowa daga sallar azahar. Aka shiga da shi ɗaki, ni ko mayafi ban cire ba na buɗe randa, na ɗauraye moɗa, na cika ta fal har tana zuba a hannuna.

Inna ta tallabe shi ta baya. Tun a mota hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Na durƙusa na ce, "Malam, ga ruwan randarka. Sha. Likita ya ce ka sha iya sonka."

Ya dubi moɗar, ya dube ni. Ya yi bisimilla, ya kai baki ya guntsa. Ya kurkure a hankali, ya juya ya zubar a tasa. Ya sake guntsa, ya zubar. Ya yi na uku. Sannan ya buɗe mini baki in duba, ya ce, "Kin gani, Hedimasta? Ban haɗiye ba."

Na ce, "Haɗiye, Malam. Don girman Allah ka haɗiye. Na janye dokar, wallahi na janye." Inna tana kuka tana cewa, "Auta, sha mana, ita ce ta kawo maka da hannunta." Na kai moɗar bakinsa, ya datse leɓe, ya kau da kai. Ya ce, "A'a, Inna, kada a ja mata faɗa wurin Sista. Ta gaji." Yana nishi ya ce a mayar da moɗar waje, yanzu mutane za su taso daga sharar gona.

Ban mayar ba. Ina nan durƙushe riƙe da ita, ina jiran ya farfaɗo in sake gwadawa. Allah ya karɓi abinsa ana kiran la'asar. Sai da Yaya Haruna ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kafin ya karɓi moɗar, kuma har lokacin a cike take.